Yadda nake rainon agabe a tukunya

Agabe tsiro ne ɗan asalin Meziko. Nawa na ado ne, mai kaurin ganye da ƙaya a tsini.

Yawan ruwa ke kashe shi, ba ƙishirwa ba. Sami tukunyar ƙasa mai huji a gindi, ka haɗa yashi mai tsakuwa da ƙasar shuka rabi da rabi. Kada ka binne wuyansa, inda ganye ya haɗu da saiwa, don nan ruɓa ke farawa. Ni sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe ƙayau, sannan in zuba ruwa har ya ɗigo ta ƙasa. Da damina, janye shi daga bakin indararo.

Rana kuwa, bar shi ya sha ta iya son ransa.

Sau ɗaya yake fure, bayan shekara 10 zuwa 30, daga nan uwar ta mutu. Shi ya sa nake tattalin 'ya'yan da ke tsirowa a gindinta. Yanko su da wuƙa mai tsabta, ka bar su kwana uku a inuwa yankan ya bushe kafin dashe. Sa safar hannu, ruwan ganyen na sa ƙaiƙayi. In da yara a gidan, datse ƙayar da almakashi.