Kurakuran da muke yi wajen tara kayan gwangwan a gida

A gidaje da yawa a Kano akwai wani lungu, a zaure ko a gefen madafa, inda ake jibge robobin lemo da gwangwanaye da fasassun bokitai ana jiran 'yan gwangwan. Niyyar mai kyau ce. Amma sau tari idan mai saye ya zazzage buhun, sai ya taya da kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, ko ya tsinci kaɗan ya bar maka tarkacen. Ba kullum ne laifinsa ba. Yadda muka ajiye kayan shi ne ya karya musu daraja.

Babban kuskure shi ne buhu ɗaya ya ɗauki komai. Ɗan gwangwan da kilo yake saye, kuma kowane kaya da farashinsa. Tagulla ta fi alminiyom tsada, alminiyom ya fi baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba, roba ma iri-iri ce. Idan ka haɗa su, da farashin mafi arha zai yi maka kuɗi, domin shi zai zauna ya yi aikin tsincewa. Gyaran ba ya buƙatar sayen komai. Tsofaffin buhunan shinkafa uku ko huɗu sun isa, a kafa ƙusa a bango a rataye su: na robobi, na gwangwani da ƙarfe, na leda, sai kwali a ɗaure shi daban da igiya. In kana son raba gwangwani, nemi mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifika ne. Gwangwanin tumatir da na madarar ruwa zai manne, domin ƙarfe ne. Na maltina da lemo ba zai manne ba, wannan alminiyom ne, shi ne masu zubin tukwane suke nema. Roba kuwa duba gindinta, akwai lamba cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Robar ruwa da ta lemo lamba 1 ce, jarka galibi lamba 2, bokitai da robobin wanki da yawa lamba 5. Masu niƙa roba ba sa haɗa su, kai ma kada ka haɗa.

Sai rashin ɗauraya, kuma a nan nake son in daɗe. Gwangwanin kifi da sauran mai a ciki, robar yogot, ledar da aka zubo miya, duk wannan kiran ɓera ne da kyankyaso. Ɓera ba ɓarnar hatsi kaɗai yake yi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci. Bai kamata a ce don neman 'yan kuɗi kaɗan mun gina masa masauki kusa da tukunya ba. Ba sai an ɓata ruwa mai kyau ba. Ruwan ƙarshe na wanke-wanke ya wadatar, a ɗauraye, a kife a rana ya bushe, sannan a jefa a buhu. Na ga gidan da uwargida ta ɗora wa yara wannan aikin bayan cin abincin dare, cikin 'yan kwanaki warin da ya addabi zauren ya ɓace.

Da damina kuma wani kuskuren ke fitowa: barin kaya a fili baki sama. Gwangwani ɗaya ko tsohuwar taya da ta tara ruwan sama ta ishi sauro ya yi ƙwai, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama mai tashi. Kwali in ya jiƙe ya ruɓe, ba mai saye. A ɗaga buhunan daga ƙasa, a sa su ƙarƙashin rumfa. Rana ma tana cin buhu da leda har su riƙa marmashewa, don haka inuwa ta fi. Kada kuma a jingine su da murhu ko janareta ko jarkar fetur, musamman lokacin hunturu da gobara ba ta da wuya.

Game da murƙushe roba, mutane kan yi kuskure ta fuska biyu. Wasu suna tara ta yadda take, buhu ya cika da iska cikin kwana biyu. Wasu kuma suna take komai, har da masu kyau. Robar da ba ta lotsa ba, mai murfinta, masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suna saye da ƙirge, kuma ta fi kuɗi a haka. Wadda ta huje ko ta ƙoƙe ita ce za a cire wa murfi a take da ƙafa, ta tafi wajen masu kilo. Murafen a zuba su a leda guda, domin robarsu daban ce da ta jikin gorar.

Akwai robar da ba ta da hurumin shiga wannan buhu ko kaɗan: wadda aka taɓa zuba fiya-fiya, ko maganin feshin gona, ko kalanzir, ko baƙin mai. Wanki ba ya fitar da dafin gaba ɗaya, kuma ba ka san bakin yaron da za ta ƙare ba. A huda ta da ƙusa mai zafi ko a tsaga ta da wuƙa yadda ba wanda zai sake zuba abin sha a ciki. Haka batir. Ƙananan batiran tocila a tara su cikin kwalba mai murfi inda hannun yara ba ya kai. Na mota da na sola da yawa akwai dalma da ruwan asid a ciki, kada a bari a fasa shi a tsakar gida, a kai shi wajen masu sayar da sabo, suna karɓa su rage maka kuɗi. Fasasshiyar kwalba da reza da allura a naɗe su cikin kwali mai kauri a gaya wa mai ɗauka. Yawancin yaran nan da hannu tsirara suke lalube.

Ledar fiyawata ita muka fi rainawa, ita ce kuma take toshe kwatami har ruwa ya shigo ɗakuna. Wasu suna hura gawayi da ita, hayaƙin kuwa ƙirjin mai girki da na goyon da ke bayanta yake shiga. A tsage ta, a zubar da guntun ruwan, a shanya, a danna a buhu. Ba ta da nauyi, sai an tara da yawa take kai kilo, shi ya sa ya fi sauƙi maƙwabta uku ko huɗu su haɗa tasu wuri guda.

Takardu kuma a duba su kafin su fita. Tsofaffin littattafan makaranta kan ƙare a hannun masu ƙosai da tsire. Duk takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah a ware ta, a ƙone ta a wuri mai tsarki ko a binne. Wadda ke da lambar asusun banki ko ta katin ɗan ƙasa a yayyaga ta.

Saura tarawa ba ranar kwashewa. Kaya ya yi wata shida a lungu ana jiran farashi ya tashi, har kunama ta tare a ciki. A karɓi lambar wayar mai saye guda da aka yarda da sikelinsa, a tsayar masa da rana. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli ta dace, tunda kowa yana gida da safe. A yi cinikin a ƙofar gida, babba yana tsaye, a kuma kalli sikelin tun kafin a ɗora buhu a tabbatar allurar tana kan sifili.