Yadda Ake Ƙorafi Idan Alƙalin Wasan Besbol Ya Saɓa wa Doka

A Kano mun saba da ƙwallon ƙafa, inda 'yan kallo ke yi wa alƙali ihu a filin wasa na Sani Abacha, amma hukuncinsa ya zauna daram. Malamin wasanni da ke son koya wa ɗalibansa besbol, wasan da ake jefo ƙwallo ɗan wasa ya buge ta da sanda ya zagaya tashoshi huɗu da gudu, yana bukatar ya san cewa dokokin makarantun sakandare na Amurka, waɗanda ƙungiyar NFHS da ke Indiyanafolis take tsarawa, sun buɗe wata 'yar ƙofa ta gyara, sai dai tana saurin rufewa.

Da farko mai horarwa ya tantance irin kuskuren da aka yi. Idan batun abin da ido ya gani ne, wato ko jifa ya bi inda ya kamata, ko ɗan wasa ya riga ƙwallo isa tasha, to maganar alƙali ita ce ta ƙarshe, kuma gardama a kai tana iya jawo kora daga fili. Abin da ake ƙorafi a kansa shi ne aiki da doka ba daidai ba. Misali, idan mai jifa ya yi motsin da aka haramta alhali akwai ɗan wasa a tasha, dokar makarantu ta ce wasa ya tsaya nan take, kowane mai gudu ya ƙara tasha ɗaya. A gasar ƙwararru kuwa ana iya barin wasan ya ci gaba. Alƙalin da ya saba kallon ƙwararru a talabijin yana iya haɗa dokokin biyu, ya ƙirga bugun da bai kamata a ƙirga ba.

Da zarar haka ta faru, mai horarwa ya nemi a dakatar da wasa, ya tafi wurin alƙalin da ya yanke hukuncin cikin natsuwa, ya ce: "Malam, ban musa abin da ka gani ba, amma wace doka ka bi?" Daga nan yana iya roƙonsa ya tuntuɓi abokin aikinsa, wanda sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. Idan alƙalin ya kafe, sai mai horarwa ya bayyana ƙorafinsa kafin jifa na gaba, ko kafin alƙalai su bar fili idan da wannan hukunci aka tashi. Wanda ya bari aka sake jefa ƙwallo ya yi sake. Babban alƙali zai sanar da ɗaya ɓangaren, mai rubuta maki kuma ya rubuta zagayen da ake ciki, da yawan masu bugun da aka riga aka fitar a zagayen, da wanda ke kowace tasha, domin daga wannan gaɓar za a ci gaba idan ƙorafin ya karɓu. Haka aka yi a gasar ƙwararru a 1983, lokacin da aka soke bugun ɗan wasa George Brett saboda yawan danƙon da ya shafa a sandarsa ta bugu: ƙorafin ƙungiyarsa ta Kansas City ya yi nasara, aka dawo bayan makonni aka ƙarasa wasan.

A Amurka kowace jiha ce ke zaɓar ko za ta karɓi ƙorafi, kuma akwai waɗanda ba sa karɓa sam. A ganina, makarantun da za su shirya gasa a Kano su rubuta tun kafin wasan farko ko an yarda da ƙorafi, da wanda zai saurare shi, da wa'adin miƙa shi a rubuce.