Yadda Ake Adana Bayanan Shiga Domin Musayar Fayiloli Tsakanin Kwamfutocin Gida

Idan kwamfutoci biyu masu aiki da Windows suna kan hanyar sadarwa guda, ɗaya na iya buɗe jakar da ɗayar ta raba ta hanyar SMB, tsarin da Windows ke amfani da shi wajen raba fayiloli. Matsalar da aka fi fuskanta ita ce kwamfutar ta riƙa neman sunan mai amfani da kalmar sirri a duk lokacin da aka kunna ta, ko kuma ta ƙi karɓar abin da aka rubuta. Galibi kuskuren daga nan yake: bayanan da ake nema na asusun da ke kan kwamfutar da ke riƙe da fayilolin ne, ba na wadda mutum yake zaune a gabanta ba.

Saboda haka, a fara da kwamfutar mai fayilolin. A tabbatar an saita hanyar sadarwar a matsayin Private, kuma asusun da za a shiga da shi yana da kalmar sirri, domin Windows ba ta barin asusun da ba shi da ita ya shigo ta hanyar sadarwa. Idan asusun Microsoft ne, adireshin imel da kalmar sirrinsa ake buƙata. Lambar PIN ba za ta yi aiki ba, tunda ita a kan na'urar da aka ƙirƙire ta kaɗai take amfani. Ana iya ganin sunan kwamfutar ta hanyar rubuta hostname a cikin Command Prompt.

A kan kwamfuta ta biyu, a buɗe Control Panel, a shiga Credential Manager, wanda ke cikin Windows tun fitowar Windows 7 a shekarar 2009, sannan a zaɓi Windows Credentials, a danna Add a Windows credential. A gurbi na farko a rubuta sunan kwamfutar mai fayilolin, misali FALO. A na biyu a rubuta FALO\iyali, wato sunan kwamfutar, sai karkataccen layi mai komawa baya, sai sunan asusun. A na uku a sa kalmar sirri. Akwai kuma ɗan akwatin Remember my credentials da ke fitowa lokacin shiga, kuma shi ma a wannan wurin yake ajiye bayanan, amma shigar da su da hannu ya fi, domin mutum yana ganin ainihin abin da aka adana.

Akwai abu guda da ya kamata a kula da shi sosai. Windows tana ɗaure bayanan ne da sunan da aka rubuta a gurbi na farko, don haka wanda ya adana su da sunan FALO, sannan ya nemi jakar da adireshin IP kamar 192.168.1.20, za a sake tambayarsa kamar bai taɓa adana komai ba. Amfani da suna ya fi aminci, domin rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin gidan a kan hanyar sadarwa, na iya canza wa kwamfuta adireshi bayan an kashe ta an kunna, sai dai idan an keɓe mata adireshi na dindindin.

Idan aka canza kalmar sirri a kan kwamfutar mai fayilolin, tsohuwar da aka adana za ta ci gaba da hana shiga har sai an gyara ta da Edit ko an cire ta da Remove a cikin Credential Manager na kwamfuta ta biyu. Idan kuma kuskure mai lamba 1219 ya bayyana, alama ce cewa akwai tsohuwar haɗuwa da kwamfutar mai fayilolin da aka yi da sunan wani asusu daban. Rubuta umarnin net use * /delete a cikin Command Prompt zai yanke duk haɗuwar da ke buɗe.

Wasu kan kashe Password protected sharing, wato saitin da ke neman kalmar sirri kafin a buɗe jakar da aka raba, don su huta, amma hakan na buɗe jakar ga duk na'urar da ta hau Wi-Fi ɗin gidan, kuma Windows 11 Pro daga sigar 24H2 ba ta yarda da shigar baƙo marar kalmar sirri ba sai an sauya saitinta. Abin da ya fi dacewa shi ne a ƙirƙiri asusu na musamman marar ikon gudanarwa a kan kwamfutar mai fayilolin, a ba shi izini a kan jakar da aka raba kaɗai, sannan a adana bayanansa a sauran kwamfutocin.