Kurakuran da masu bishara ke yi idan sun yi ritaya a ƙasar da ba tasu ba

Tun da na ajiye aiki a 2018 na ci gaba da zama a yankin Maraɗi, iyalai huɗu na masu bishara 'yan Najeriya sun yi ritaya a kan idona, suka zaɓi su zauna a Nijar kamar yadda na zaɓa, kuma kusan dukansu sun faɗa ramukan da na riga na faɗa. Na gaji da maimaita magana ɗaya a zaure bayan ɓarna ta auku, shi ya sa na ga ya fi in rubuta ta ga waɗanda ke da sauran shekara biyu ko uku kafin su sauka.

Tushen matsalar shi ne mutum ya ɗauka shekaru ashirin ko talatin da ya yi yana wa'azi a ƙasa sun mai da shi ɗan ƙasa. Muddin kana kan aiki, hukumar da ta aiko ka ce ke ɗauke da kai: gidan da kake kwana nata ne, babur nata ne, takardunka ita ke bin su, idan ciwo ya kama ka ita ke biyan asibiti. Ranar da ka miƙa makulli, ranar za ka gane cewa kayan aro ba ya rufe katara. A Nijar ruɗin ya fi yawa, domin Hausa muke yi da maƙwabta, tuwon gero muke ci tare, kuma daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar 'yan awoyi ce, har mutum ya manta akwai iyaka a tsakani.

Kuskuren da ya fi cin mini tuwo a ƙwarya shi ne na gida da kuɗi. Na sauka daga aiki ba ni da ko fili, don kullum ina ce wa uwargida wanda ya kira mu ba zai bar mu a titi ba. Maganar gaskiya ce, amma na yi amfani da ita wajen rufe lalacina. Aka ba mu wata uku mu tashi saboda wanda zai gaje ni yana tafe da 'ya'ya biyar, kuma babu laifin kowa a cikin wannan. Muka kama haya, ana biya da sefa, alhali ɗan fanshona da abin da 'ya'ya ke turowa duk da naira suke zuwa. Sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta rawa sai yuro ya motsa, naira kuwa kowa ya ga abin da ya same ta. A 2014 jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 400 ba. Bayan an saki farashin naira a watan Yuni na 2023, kafin 2024 ta yi nisa jakar nan ta haura naira 2,000. Mai gidan hayata bai ƙara mini ko sefa ɗaya ba, amma kuɗin hayar ya ninka a aljihuna. Sai da muka sayar da keken ɗinkin uwargida da firiji kafin muka rufe shekara guda, kuma har yau idan na tuna ranar da aka ɗora keken nan a amalanke raina yakan ɓaci.

Abin da nake yi yanzu shi ne duk kuɗin da ya shigo, ina canja shi zuwa sefa a makon da ya zo, ba na jiran wai farashi zai gyaru. Wasu abokaina suna ganin wannan gaggawa ce, to su suka sani. Da kaka ina sayen geron shekara da wake in adana, kuma uwargida tana kiwon awaki, domin dole gida ya sami wata hanyar shiga da ke zuwa da kuɗin ƙasar da ake zaune. Wanda ke da sauran lokaci kuwa, ya sayi fili yanzu, ya yi takarda da sunansa a gaban hukuma da shaidu. Kada ya gina ko ɗaki ɗaya a filin ikkilisiya da tunanin za a bar masa. Dattawan da suka yi masa alkawari da baki za su shuɗe, waɗanda za su biyo baya takarda za su tambaya.

Na biyu ya fi na farko kunya, kuma a nan zan yi faɗa, da kaina zan fara. Mun ajiye aiki a takarda, mun ƙi ajiye shi a zuciya. Shekarata ta farko kowace Lahadi ina zaune a kujerar gaba, saurayin da ya gaje ni yana wa'azi yana satar kallona. Bayan sujada mutane su biyo ni gida da ƙarar aure da rigimar baiko, ni kuma in yanke hukunci ina jin daɗin ana cewa sai Baba. Ban farga ba sai da ikkilisiya ta rabu gida biyu, na Baba da na fasto. Wani dattijo, wanda da hannuna na yi masa baftisma, ya same ni da dare ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, yaron nan ba zai taɓa zama fasto ba muddin kana amsa ƙara a zaurenka." Na yi kwana uku ba na gaisawa da shi, kuma shi ne mai gaskiya. Ku 'yan'uwana da ke cewa ai taimako kuke yi, wa ya roƙe ku? Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Littafin Ƙidaya 8:25-26 ya ce Balawi ya sauka daga hidima yana da shekara hamsin, yana iya taimakon 'yan'uwansa amma ba shi zai riƙe aikin ba, kuma mun sha karanta wa wasu wannan wuri. Maganin da ya yi mini aiki mai ɗaci ne: na koma yin sujada a wata majami'a a ƙetaren gari har shekara guda, duk wanda ya kawo mini ƙara na ce ya tafi wurin fastonsa, kuma ba na hawa bagadi sai an gayyace ni a rubuce. Zumuntar mata ma haka uwargida ta yi da ita, ko da yake ta fi ni shan wuya wajen sakewa.

Takardu kuma kada a yi musu riƙon sakainar kashi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba baƙo ba tare da biza ba, ba zaman dindindin ba, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar tun 29 ga Janairu 2025. Fasfo da katin zama su kasance da rai kullum. Ni ina fara sabunta nawa wata uku kafin ya ƙare. Layin wayarka na Najeriya ka riƙa sa masa kati, don idan aka rufe shi saƙon banki ya yanke.

Kada ka dogara da cewa iyaka za ta kasance a buɗe. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. A rufewar farko maganin hawan jinin uwargida, wanda muka saba saya a Katsina, ya ƙare mana. Yanzu muna ajiye na wata uku, kuma mun sa likita ya rubuta mana ainihin sunan maganin, domin kantunan nan da sunan Faransanci suka san shi. Ka buɗe kati a asibitin da ke kusa tun kana lafiya. Asibitin Galmi, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, yana da nisa ga wanda ciwo ya kayar da tsakar dare a Maraɗi.

Idan ka koma sabuwar unguwa, ka je ka gai da mai unguwa da liman a makon farko, ka halarci suna da jana'iza, domin maƙwabtanka Musulmi su ne za su fara jin ihun matarka. Ka daina cewa "a wurinmu ba haka ake yi ba". Ka koyi lissafi da dala da kanka idan a da yaron mishan ke yi maka cefane, ka san dala ashirin ita ce sefa 100.

Saura maganar da kowa ke kauce wa, wato wanda zai riga wani tafiya. Yawancinmu mu maza muka yanke shawarar zama, matanmu suka bi, ba mu tambaye su ko za su iya zaman takaba a ƙasar da ba su da dangi ba. Na ga gwauruwar wani abokin aikinmu tana neman kuɗin mota da takardar fitar da gawa a rana ɗaya, 'ya'ya suna waya suna cewa sai an kawo shi gida. Ni da uwargida mun zauna mun rubuta inda za a binne kowannenmu da inda wanda ya rage zai zauna, muka sa hannu, muka ba babban ɗanmu kwafi ɗaya, fasto ya riƙe ɗaya.