Yadda Ake Haɗa Kayan Lantarkin Ƙaramin Jirgi Marar Matuƙi Su Yi Aiki Tare

Da yawa daga cikin masu fara haɗa jirgi mai farfela huɗu suna sayen kaya tun ba su gane hanyar da wuta da saƙo suke bi a cikinsa ba, shi ya sa jirginsu na farko yake kifewa kafin ya bar ƙasa.

Fara da wuta. Batirin LiPo (nau'in batir mai caji) mai lamba 4S, wato mai ɗakuna huɗu a jere, yana ba da volt 14.8, kuma yana kaiwa 16.8 idan ya cika. Wutar tana shiga allon ESC, wato allon da yake sarrafa gudun injuna, shi kuma ya tura ta ga kowane inji ta wayoyi uku, sannan a rage ta zuwa volt 5 domin ƙananan na'urori. Manna kafasita (ƙaramar na'ura mai daidaita wuta) da dalma a inda wayoyin batir suka shiga, domin kuɗinta kaɗan ne a kan kuɗin allon da take karewa, kuma kada ka jona batir sai ka auna da mita cewa jar waya da baƙa ba su haɗu ba.

Saƙo kuwa yana tasowa daga rimot zuwa na'urar karɓa, ita kuma ta miƙa wa ƙwaƙwalwar jirgin, wato allon da yake sarrafa tashinsa. Wayar TX (mai aika saƙo) ta kowacce a RX (mai karɓar saƙo) ta ɗayar take zama.

Ga inda nake so ka tsaya. Ƙwaƙwalwar ba ta ganin komai; wata na'ura ce a jikinta take jin karkacewar jirgin sau dubbai a daƙiƙa, sai ta umarci injin ɓangaren da ya yi ƙasa ya ƙara gudu. Idan an ɗaura allon ƙwaƙwalwar a juye, ko an canza lambar inji, ɓangaren da yake sama za ta ƙara wa ƙarfi. Haka ya faru da ni: na juya kibiyar allon, mai nuna gaban jirgi, baya domin kafar USB ta fi sauƙin kaiwa, ina ɗaga sandar rimot jirgin ya kife, farfela biyu suka karye.

Don haka cire farfelu gaba ɗaya, ka jona jirgin da Betaflight, manhajar saita jirgin, a kwamfuta, ka karkata shi da hannu kana kallon hoton da ke fuskar kwamfutar. Dole ya bi hannunka. Sannan kunna injunan ɗaya bayan ɗaya: na 1 baya dama, na 2 gaba dama, na 3 baya hagu, na 4 gaba hagu. Manna ɗan salatif a kan kowanne ka ga inda yake juyawa. Biyun da suke kusurwoyi masu fuskantar juna, wato na 1 da na 4, hanya ɗaya suke bi, sauran biyun akasin haka. Wanda ya saɓa, musanya biyu daga cikin wayoyinsa uku.

Saita shi ya kashe injuna idan saƙon rimot ya yanke, ɗaura farfelu, ka gwada a fili nesa da mutane. Sauko da shi idan kowane ɗakin batir ya kai volt 3.5, ka ajiye batirin kowane ɗaki yana kan 3.8.