Darasi na Bakwai: Rainon Kifin Diskas Har Ya Kai Cikakken Girma

Diskas kifin ado ne, ba na miya ba. Asalinsa kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, inda ruwa yake da ɗumi da ɗan tsami, kuma ba ya gudu da ƙarfi. Jikinsa a kewaye yake, a baje kamar faifai. Wanda ya sami kulawa yakan kai santimita 15, wani ma ya wuce. Sai dai yawancin girman a shekarar farko ake yin sa. Kifin da ya tsumbure a watannin nan ba ya kamo 'yan'uwansa, ko da an cika shi da abinci daga baya.

Akwati

Diskas ba ya son kaɗaici. A sayi shida, masu santimita 5 zuwa 6, don idan biyu ne ko uku, mai ƙarfin cikinsu zai takura wa na ƙasa da shi har ya hana shi ci. Kowane babban kifi yana bukatar kamar lita 40. Akwatin gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 45, zurfi 50 yana cin lita 270. Ga lissafin: 120 sau 45 sau 50, a raba da 1,000. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka teburin roba ko na falanki mai rauni ba zai ɗauka ba. A sa mai walda ya ƙera ƙafar ƙarfe.

Kada a zuba yashi ko tsakuwa a ƙasa. Akwatin ba zai yi kyau a ido ba, gaskiya ne, amma kashi da ragowar abinci za su fito fili, a gan su a zuƙe su.

Kafin a kawo kifi, a kunna matatar soso da famfon iska su yi aiki mako huɗu zuwa shida, ana jefa ɗan abinci kaɗan a ruwan. A wannan lokacin ne ƙwayoyin halitta masu amfani suke yaɗuwa a cikin soson. Su ne suke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi. Idan soson ya yi datti, a matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Ruwan famfo yana kashe waɗannan ƙwayoyin masu amfani.

Ruwa

Nan ne aikin yake. Ƙaramin diskas yana ci da yawa, yana kashi da yawa, kuma ruwa mai datti shi ne ke tsayar da girmansa. Kullum a sa tiyo a zuƙe ƙasan akwatin, a fitar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a mayar da sabo. A akwatinmu lita 90 ke nan, wato jarka huɗu da rabi masu cin lita 20, kowace rana. Wanda yake sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya yi wannan lissafin kafin ya fitar da kuɗin kifi.

Ruwan Legas ba iri ɗaya ba ne. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, sinadarin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha. Na burtsatse a wasu unguwanni yana da sinadarin ƙarfe, shi ya sa yake barin ja a bokiti, kuma a kusa da teku akan sami mai gishiri-gishiri, wanda bai dace da diskas ba sam. A tara ruwan a durom mai tsabta, a sa masa iska ya kwana. Kulorin zai fita, jan zai kwanta a ƙasa, sai a ɗebi na sama. A nemi kayan gwajin ruwa a shagon masu kifin ado. Amoniya ta zama sifili. Ma'aunin tsami, wato pH, ya tsaya tsakanin 6 da 7.5. Tsayuwarsa wuri guda ta fi muhimmanci, don haka kada a riƙa zuba magunguna ana hawa da sauka da shi.

Zafin ruwa ya kasance digiri 28 zuwa 30. Legas akwai zafi, amma a Yuli da Agusta, da kuma daren hunturu, ruwan yakan huce ƙasa da haka. A sa hita mai wat 300 da ma'aunin zafi. Sabon ruwa ma ya zo daidai da na ciki.

Idan aka ɗauke wuta, iska ce ke fara ƙarewa, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iska da yawa. Famfon iska mai batir wajibi ne. Kuma muddin matata ba ta aiki, a dakatar da ba da abinci.

Abinci

Ƙanana sau biyar a rana, kaɗan-kaɗan, abin da za su cinye cikin minti goma. Abin da ya saura a zuƙe shi. Idan sun haura santimita 10 a rage zuwa sau uku, manya kuwa sau biyu.

Ban da busasshen abincin gwangwani, masu kiwo suna haɗa na gida. A sami zuciyar sa sabuwa wurin mahauta, a Oko-Oba ta Agege ko wata kasuwar nama. A yanke kitse da jijiya kaf, don ba sa narkewa da kyau a cikin kifi. Rabin kilo na zuciyar, kwatan kilo na ɗanyen jatan lande da aka ɓare, da ɗan alayyafo da aka turara, a niƙa su tare ba gishiri ba magi. A zuba a leda, a baje shi siriri, a daskarar, kullum a ɓalli kaɗan. Idan rashin wuta ya sa ya narke har ya fara wari, a zubar.

Alamun matsala

Duk wata a auna kifin ta jikin gilashi a rubuta a littafi. Wanda idonsa ya yi wa jikinsa girma, jikin kuma ya yi tsawo maimakon kewaye, ya fara tsumburewa. Wanda ya yi duhu, ya matse fukafukansa ya koma lungu, a fara gwada ruwa da zafinsa kafin a yi maganar magani. Farin kashi mai ja kamar zare tare da ƙin ci alamar ƙwayoyin cuta ne a hanji. Ana amfani da maganin metronidazole, amma a ware kifin, likitan dabbobi ya faɗi adadin.

Sabon kifi kuwa ya yi mako huɗu a akwatinsa daban, da tiyonsa da bokitinsa, kafin a haɗa shi da na gida.