Yadda Ake Ɗaura Makunnai a Dashbod ɗin Tsohuwar Mota

A nan Jidda, zafin rana da danshin teku su ne suka fi cin makunnan tsofaffin motoci, irin Land Cruiser FJ40 da Toyota ta kera daga 1960 zuwa 1984. Robar ta bushe, ƙarfen ya yi tsatsa. Saboda haka sai an bi a hankali.

Kafin komai, cire wayar batir ta ɓangaren da ke haɗe da jikin mota. Kada ka tsallake wannan, ɗan'uwa. Waya ɗaya ta taɓa ƙarfe, sai tartsatsi.

Ɗauki hoton bayan dashbod, wato allon da ke gaban direba, da wayar salularka tun ba ka kwance komai ba. Sannan ka manna wa kowace waya ɗan salatif ka rubuta aikinta: fitila, waifa, fanka. Launin wayoyin ya riga ya koɗe, ido kaɗai ba zai raba maka su ba, kuma a nan ne na ga mutane da yawa suna ɓata yini guda.

Bayan ka cire wayoyin daga makunnan, goge bakin kowace waya da sanfefa mai laushi har ƙarfen ya yi haske.

Turo makunnin ta bayan dashbod, ka daidaita shi yadda alamar da ke kansa za ta tsaya daidai, sannan ka ɗaura notin da ke riƙe shi da hannu. Ƙarasa da sifana kaɗan kawai, da tsumma a tsakani don kare fenti. Matsewa da ƙarfi tana fasa tsohuwar roba.

Mayar da wayoyi, duba fis, haɗa batir, ka gwada makunnan ɗaya bayan ɗaya.